Sabon Man Juye Da Motocin Akori-Kura A Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta faɗa Birnin Gwari, ya san ba wurin da direba zai so injinsa ya yi masa gardama ba ne. Tafiya ce ta fiye da kilomita 100, galibinta kuwa daji ne. In an isa garin ma ba a rabu da daji ba, gama ga Kamuku nan shimfiɗe a ƙasar, dajin da aka keɓe tun 1936 ya zama gandun En'e ta Birnin Gwari, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120. Shekaru da yawa 'yan fashin daji suka hana bayin Allah sakat a waɗannan hanyoyi. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya je garin aka sāke buɗe kasuwar kara. Amma ko a lokacin zaman lafiya, motar da ta mutu tsakanin gari da gari da almuru ta jefa mutanen cikinta a wahala.

Motar da ke ɗauke da nauyin ƙasar nan kuwa ita ce akori-kura. Ita ke fito da masara daga Kuyello da Dogon Dawa da Randagi, ita ke kai taki gona, ita ke kai alli da littattafai makarantun ƙauye, wani lokaci ma ita ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Dā Peugeot 404 da 504 ne. Daga baya Toyota Hilux da 'yan'uwanta suka cika hanya.

To, yanzu ga wata magana ta taso tsakanin direbobi da kanikawa, watau maganar sabon man juye da ake kira sintetik. Waɗansu sun ce in ka zuba shi ka huta da juye har shekara. Waɗansu sun ce ruwa-ruwa ne, yana kashe inji. Mun san yawancin masu karanta wannan jarida ba direbobi ba ne. Amma akawu ne ke rubuta takardar biyan kuɗin juye, shi ke riƙe da littafin motar ofis. Malamin makaranta kuwa shi mutanen ƙauye ke kawo wa galan su ce ya karanta musu abin da aka rubuta a jiki. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje maganar filla-filla.

MENE NE BAMBANCINSU?

Baƙin man da muka saba da shi daga ɗanyen man ƙasa ake tace shi, bari mu kira shi man tace. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina mata sashen yin irinsa, har ma ɗanyen man da ake yinsa da shi daga ƙasashen waje aka riƙa kawowa, domin namu na gida bai dace da wannan aiki sosai ba. Komai ƙwarewar mai tacewa, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi man nan ba girmansu ɗaya ba. Kamar tubalin hannu ne, wani babba, wani ƙarami, wani karkatacce. In inji ya ɗauki zafi sai ƙananan su tashi su bi iska, waɗansu su ƙone su zama dagwalo baƙi mai kama da kwalta, ya toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi.

Sintetik kuwa ƙera shi ake yi, saboda haka bari mu kira shi man ƙira. Masana sukan ɗauki iskar gas ko wani sashe na man ƙasa su farfasa shi, sa'an nan su sāke gina ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya, kamar bulo da aka buga a ma'auni guda. Don haka ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa, ba ya tsinkewa ƙwarai in inji ya yi zafi, ba ya kuma daskarewa in an yi sanyi.

Ba jiya aka fara shi ba. Jamusawa sun yi aiki da shi a jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ɗanyen mai ya yi musu ƙaranci, sanyin ƙasar Rasha kuma ya riƙa daskarar da man tace. Bayan yaƙi jiragen sama masu injin jet suka dogara gare shi. A 1972 kamfanin Amsoil na Amurka ya fito da nasa don motoci, Mobil 1 ya biyo baya a 1974. A 1999 aka yi gardama a Amurka tsakanin Mobil da Castrol, masu duba tallace-tallace suka yanke cewa man ƙasa da aka yi wa tacewa mai tsanani da iskar haidurojin shi ma ana iya kiransa sintetik. Tun daga nan sunan ya game iri-iri. Akwai kuma gauraye, watau man tace da aka surka da man ƙira, farashinsa tsaka-tsaki.

ABIN DA YAKE YI A ƘASARMU

Turawa sun fi yabonsa saboda sanyi, gama a ƙasashensu mai yakan daskare da dare. Mu nan, ko sanyin hunturu ya kai yaya da asuba a bakin kogin Mariga, bai isa ya daskarar da mai ba. Amfaninsa gare mu wajen zafi yake. Akori-kura ta ɗauki buhunan masara har sun haura kanta, tana jan ciki da giya ɗaya ko biyu cikin rairayi da ranar bazara, iskar da za ta sanyaya lagireto kaɗan ce, man cikinta yana iya wuce digiri 100. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka saurin lalacewar mai. A nan man ƙira ke nuna kansa.

Balle motocin dizal na yanzu masu tabo, watau wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa don ta tura iska cikin inji. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani, mai kaɗai ke tsakanin sandarta da mazauninta. In direba ya iso daga doguwar tafiya ya kashe inji nan take, man da ya tsaya a wurin yakan soyu ya zama gawayi. Man ƙira ya fi jure wannan, ko da yake direban kirki yakan bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali kafin ya kashe.

ABIN DA BA YA IYA YI

Nan ne muke so masu karatu su buɗe kunne. Ba zafi kaɗai ke kashe mai ba, dauɗa ma tana kashe shi, dauɗa kuwa ba ruwanta da tsadar galan. Ƙurar hanyar ƙauye da ta hunturu yashi ce mai laushi, tana da ƙarfin kankare ƙarfe. In matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ƙurar nan ta shiga ta gauraya da mai, sai ya zama kamar tokar wanke tukunya, yana cin ringi da fistan. Injin dizal kuma yana zuba baƙin hayaƙi cikin mainsa, in man dizal ɗin mai yawan farar wuta ne sai ya haifar da tsami mai cin ƙarfe. Da damina, motar da ta kutsa rafi ruwa na iya shiga injinta, mai ya koma fari kamar an dama fura. Ga kuma tsayawa a shingayen hanya inji na aiki, mai na tsufa, awon tafiya bai motsa ba.

Saboda haka masu ƙera motoci suke rubuta wa'adi biyu a littafin mota. Akwai na kwalta mai kyau, akwai na aikin wahala, watau ƙura da kaya masu nauyi da yawan tsayawa, wannan kuwa galibi rabin wancan ne. Inda aka ce kilomita 10,000, sai ya koma 5,000. Babu shakka hanyoyin ƙauyukan Birnin Gwari aikin wahala ne. Doguwar tazarar da ake bugawa a jikin waɗansu galan-galan an auna ta ne a kan hanyoyin Turai da Amurka. Wanda ya zuba man ƙira don ya tsallake juye biyu, ya sayi mai mai tsada ya kuma sayi gyaran inji.

YADDA AKE KARANTA GALAN

Abu biyu za a duba, a kuma gwada su da abin da littafin motar ya ce. Na fari lambar kauri, kamar 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, ƙarama ta fi saurin isa kan inji da safe. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, ita ce ta fi shafarmu. Kada a ɗauka kowane man ƙira tsinkakke ne, akwai 5W-40 wanda in ya yi zafi ajin kaurinsa ɗaya da 15W-40. Kada kuma a ɗauka kauri shi ne kyau. Injin zamani hanyoyin mainsa ƙanana ne, mai kauri ƙwarai ba ya ratsa su da sauri.

Na biyu haruffan API, alamar wata ƙungiyar man fetur ta Amurka. Harafin S na injin fetur ne, kamar SN na 2010 da SP na 2020. Harafin C na dizal ne, kamar CI-4 na 2002 da CK-4 na 2016. Mai komai kyaunsa in na fetur ne kaɗai, kada a zuba wa dizal.

WACE MOTA ZA A SAUYA WA?

Motar da injinta ke da lafiya, ba ta hayaƙi, ba ta ɗiga, musamman mai tabo, ta cancanci man ƙira. Sauyin ba shi da wuya. A juye tsohon mai inji na da ɗumi, a sa sabuwar matatar mai, a zuba sabon daidai awo. Ba a bukatar wanke inji da kalanzir ko dizal kamar yadda waɗansu ke yi, wannan yana iya ɓamɓaro dagwalo ya toshe rariyar famfon mai. Man ƙira da man tace suna gaurayuwa, in mai ya ragu a hanya babu laifi a cika da wanda aka samu mai kyau, kuma wanda ya sauya yana iya komawa in ya so.

Maganar cewa yana sa ɗiga tana da asali. Waɗansu na farko a shekarun 1970 ba su jitu da robobin inji ba, an daɗe da gyara wannan. Abin da ke faruwa yanzu shi ne, a tsohon inji dagwalo ne ke toshe robar da ta riga ta mutu, sabon mai ya wanke shi sai ɓarakar ta bayyana. Saboda haka tsohuwar 504 da ke shan mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, a bar ta da 20W-50 na kirki, a riƙa yi mata juye a kan kari, rarar kuɗin a saya mata matatar iska. Mai ba ya mai da ringin da ya cinye.

HATTARA DA JABU

Abu in ya yi tsada, 'yan damfara sukan bi shi. Akwai masu tara tsofaffin galan su cika da man da ba a sa masa magungunan da ke kare inji ba, ko tsohon mai da aka tace da tsumma. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan. A saya wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, a karɓi rasit, in an juye kuma a huda galan. In an ga farashi ya faɗi warwas a tuna araha ba ta ado. Man tace na gaskiya ya fi man ƙira na jabu nesa ba kusa ba. Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar a rafi ko kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba a miki, guba ne.

GA AKAWU DA MALAMI

Zamanin En'e, kowace motar hukuma tana da littafinta, ana rubuta inda ta je da abin da ta sha. Wannan ɗabi'a ta fi kowane irin mai daraja. Muna roƙon akawu ya buɗe shafi ga kowace mota, ya rubuta ranar juye, da lambar awon tafiya, da sunan mai da lambobinsa, da ranar da aka sāke matatar iska. Kada ya sa hannu a takardar biya sai ya ga galan da tsohuwar matatar da aka cire. Direba kuma ya zaro sandar awon mai kowace safiya kafin ya ta da inji, ya ajiye lita ɗaya a bayan kujera, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin makaranta in an kawo masa galan, ya karanta lambobin, ya tambayi abin da littafin motar ya ce, sa'an nan ya ba da shawara.

Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya kai matafiya gida, amin.