Uwa da ɗa a kan layi ɗaya: abin da ke tsinke wa manhaja hanyar rumbun bayanai

Matasanmu masu rubuta manhajar shaguna a Legas da Ibadan sukan yi min tambaya ɗaya: manhaja tana aiki lafiya lau, kwatsam sai ta fito da saƙon "MySQL server has gone away", alhali sabar tana nan daram. Idan manhajar tana amfani da fork, to nan nake fara dubawa.

A Linux, fork umarni ne da manhaja mai gudana ke bayarwa ta haifi kwafin kanta don a raba aiki. Ta farkon ita ce uwa, sabuwar kuma ɗa. Ɗan yana gadon duk abin da uwar ta buɗe, har da layin da ta riga ta haɗa da rumbun bayanai. To ga inda gizo ke saƙar: ba sabon layi aka ba shi ba, wancan ɗin dai ne. Rumbun kuwa bai san an yi haihuwa ba, gani yake mutum ɗaya ke masa magana.

Idan su biyun suka aika tambaya lokaci guda, amsar uwa tana iya faɗawa hannun ɗa. Ka ƙaddara lissafin bashin kwastoma ne, ka ga an shiga uku ke nan. Wanda ya fi yawan faruwa kuma, musamman a PHP: ɗa ya gama aikinsa zai fita, sai ya yi wa rumbun sallama. Rumbun ya katse layin. Uwa ta dawo ta tarar wayam.

Ni dai shawarata, kowa ya buɗe layinsa bayan fork. Uwa ta rufe nata kafin ta haihu, ta sake buɗewa daga baya. A Django, connections.close_all() ne ke wannan aikin. Masu SQLAlchemy, tun daga siga ta 1.4.33 akwai dispose(close=False), wanda ɗa zai kira ya saki layukan gado ba tare da ya rufe wa uwa su ba.

Sai dai fa a lura da yawan 'ya'yan. PostgreSQL yana zuwa ne da iyakar layi 100 in ba a canza ba, kuma kowane ɗa zai ci nasa kason. In sun yi yawa, a sa PgBouncer a tsakani ya riƙa raba musu layukan.