Muhimmancin Gyara Sunayen Itatuwan Jihar Zamfara a Dandalin iNaturalist

iNaturalist dandali ne na intanet da aka kafa a ƙasar Amurka a shekarar 2008, inda jama'a ke sanya hotunan tsirrai da dabbobi tare da sunayensu. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka tantance hoto, aƙalla mutum biyu, suka amince da suna ɗaya, bayanin yakan kai matsayin da masu bincike ke amfani da shi. Saboda haka sunan da aka sa wa itace bisa kuskure a Gusau, ko Tsafe, ko gindin dutsen Kwatarkwashi a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, yana iya ɓatar da masu tsara aikin dashen itatuwa da yaƙi da kwararowar hamada.

Wani abin da ke jawo ruɗani shi ne sauyin sunayen kimiyya. A da, bagaruwa da dakwara da gawo duk ana kiran su Acacia. Bayan tarukan masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 da Malbon a 2011, sunan ya koma na itatuwan Ostareliya mafi yawa. Yanzu bagaruwa ita ce Vachellia nilotica, dakwara kuwa Senegalia senegal. Gawo ya riga su fita, sunansa Faidherbia albida.

Bambance su ba ya da wuya. Bagaruwa tana da ƙaya bibbiyu da fure rawaya mai dunƙule, 'ya'yanta kuma, waɗanda majema ke jima da su, suna da gaɓa-gaɓa. Dakwara, mai ba da ƙaro mafi daraja, ƙayarta uku-uku ce a lanƙwashe. Gawo kuma yana zubar da ganye da damina, ya toho da rani.

Duk wanda ya ga kuskure, sai ya gabatar da sunan da ya dace, ya bayyana hujjarsa cikin ladabi. Mai ɗaukar hoto ya nuna ganye, ƙaya, fure, 'ya'ya da ɓawo. Itacen da aka dasa, kamar darbejiyar bakin titi, a nuna cewa shuka ce.

Ana kira ga malamai, ɗalibai da ma'aikatan gandun daji da su tuntuɓi manoma da masu maganin gargajiya, domin su ne suka fi sanin itatuwan yankunansu.