YIS ƊIN DA KE ZAUNE CIKIN ƘASAR GONA

Matan Maraɗi sun san yis. Suna sayen shi a kasuwa, su zuba cikin ƙullun masa ko na fanke, ƙullu ya tashi. Masu burodi ma da shi suke aiki.

Yis abu ne mai rai. Ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta sai da madubin masana. Yana cin abinci, yana haihuwa, yana mutuwa. Masana sun san irinsa fiye da 1.500. Yis na burodi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Waɗansu suna zaune jikin ƴaƴan itace, waɗansu cikin furanni, waɗansu kuma cikin ƙasar gona.

Abincinsu

Yis na burodi sukari yake so. Amma cikin ƙasa sukari kaɗan ne. Shi ya sa yis na ƙasa yake cin abin da ɗan'uwansa ba ya iya ci.

A shekara ta 1984, masana na ƙasar Holand sun bayyana wani yis da suka samo cikin ƙasa. Yana iya rayuwa da sinadarin nan fari da ke cikin kashin kaji da na tantabaru, ba tare da wani abinci ba. A 1969, masana na Japan sun samo wanda ke cin wata barasa mai guba, wadda ke makantar da mutum. Akwai kuma wani mai suna Lipomyces. Shi cikin ƙasa yake zaune. In ya sami abinci, sai ya tara kitse a jikinsa, kamar yadda manomi ke cika rumbu saboda rani.

Yadda ake raba su

A madubi, yawancinsu kama ɗaya gare su. To, yaya ake gane su? A dā masana sukan jera kwalabe, su sa abinci dabam-dabam a ciki, su zuba yis. Inda ruwa ya gurɓace, yis ya ci ya hayayyafa. Inda ya tsaya garau, bai ci ba. Sai su rubuta abin da kowane ya ci, su ba shi suna. Yau ana duba ƙwayar gadonsa, a gane danginsa na gaskiya. Saboda haka sunaye da yawa sun sake. Yis ɗin nan na Holand an sake mashi suna a 1990, aka ƙara sakewa a 2007.

Ina ruwan manomi?

Yis da sauran ƙananan halittu su ne ke ruɓar da kara, ganye da kashin dabbobi, su mai da su abincin shuka. Ƙasa mai laima da taki, irin ta fadamar Jiratawa, ta fi ɗaukar su. Jigawar Tibiri, in aka kwashe kara kaf aka ƙone saura, ba abin da za su ci. Daga nan gona ta gaji, hatsi ya rage.

Saboda haka:
A bar kara da ganye cikin gona.
A daina ƙone su.
A tara kashin kaji da na bisashe a rami, a yayyafa ruwa, in ya ruɓe a kai gona kafin damina.

Mai neman ƙarin bayani ya tambayi malamin gona, ko ma'aikatan INRAN da ke Tarna.