Alkawarin ciniki da shakkun masu zuba jari: darasin Fisker da Lordstown

A farkon 2023, kamfanin Fisker na Amurka ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa zai ƙera motoci masu amfani da lantarki 42,400 kafin shekarar ta ƙare. Da aka zo lissafi, abin da ya fito daga masana'antar Magna da ke Ostiriya, wadda ke yi masa ƙira, dubu 10 ne da 'yan kai, waɗanda suka isa hannun masu saye kuwa ba su cika dubu 5 ba. A watan Yunin 2024 kamfanin ya durƙushe, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi.

Tushen matsalar yana 2020 da 2021, lokacin da ƙananan kamfanoni irin su Fisker suka yi ta shiga kasuwar hannayen jari ta hanyar da ake kira SPAC. Wasu attajirai ne ke kafa kamfanin da ba ya sana'ar komai, su tara kuɗin jama'a, sannan su haɗe da wani ƙaramin kamfani. Abin da ya ja hankalin masu kamfanoni shi ne, ta wannan ƙofa suna iya baje hasashen cinikin shekaru masu zuwa, abin da lauyoyi ba su cika bari a yi ba idan aka bi tsohuwar hanya. Sai aka koma sayar da ƙwai tun yana cikin kaza.

Lordstown Motors na jihar Ohio ya fi kowa nuna haka. Ya ce mutane sun yi odar a-kori-kurarsa har 100,000. A watan Maris na 2021 kamfanin bincike na Hindenburg ya ce yawancin odar ba ta gaske ba ce. Gaskiya a lokacin Hindenburg na da riba idan farashin hannun jarin Lordstown ya faɗi, amma hakan bai wanke Lordstown ba: a watan Yuni shugabansa, Steve Burns, ya ajiye aiki, bayan shekara biyu kamfanin ma ya durƙushe.

A ganina, kuskuren hasashe shi kaɗai ba ya kashe kamfani. Toyota ma na iya gaza cimma abin da ya ɗauko, ya cike giɓin daga aljihunsa. Ƙaramin kamfanin da bai fara cin riba ba kuwa, da sayar da sabbin hannayen jari yake biyan albashi. Da zarar an fara shakkarsa, farashi ya faɗi, tara kuɗi ya yi wuya, masu kawo kayan aiki su ce sai sun ga kuɗi a ƙasa, mai saye kuma ya ja baya don tsoron rashin kayan gyara gobe. Nan ciniki zai ƙara raguwa, shakkar ta tabbatar da kanta.

Kuɗin ruwa ya ƙara dagula lamarin. Daga Maris na 2022 Babban Bankin Amurka ya ɗaga shi daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari, don haka mai kuɗi ya samu inda zai ajiye su ba tare da jiran alkawarin kowa ba.

Kamfanoni masu gaskiya ma sun ɗanɗana, domin yanzu kafin a saurari hasashensu sai an tambayi nawa ya rage a asusu, kuma wata nawa zai kai su. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar ta tsaurara dokokin SPAC a watan Janairun 2024, wata bakwai bayan faɗuwar Lordstown.