Rage Haraji: Riba Ko Asara Ga Baitulmali?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, waɗanda suka yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara harajin kuɗin shiga, ake ta musu. Wasu na cewa gwamnati za ta talauce, wasu kuma na rantsuwa cewa duk inda aka rage haraji, kuɗi ƙaruwa yake yi. Wannan magana ta biyu ita ce ke damuna, domin ana faɗarta kamar karatun da ba a jayayya da shi.

Tana da tushe. Ibn Khaldun ya lura tun ƙarni na 14 cewa haraji mai nauyi yana kashe wa 'yan kasuwa da manoma gwiwa, har abin da sarki ke samu ya ragu. Masanin tattalin arziki na Amurka, Arthur Laffer, ya farfaɗo da ra'ayin a 1974. Amma sharaɗinsa shi ne harajin ya riga ya wuce kima.

Direban motar haya ya san wannan. Idan ya tsauwala kuɗin mota fasinjoji suka gudu, ragi zai cika masa kujeru ya ƙara masa ciniki. Idan kuwa motar cike take tun farko, duk nairar da ya rage daga aljihunsa ta fita.

Amurka ta gwada. Shugaba Reagan ya sauke harajin manyan masu kuɗi daga kashi 70 zuwa 50 a 1981, giɓin kasafi ya yi faɗi, shekara guda bayan haka ya sa hannu a dokar ƙarin haraji. A jihar Kansas, gwamna Sam Brownback ya yi gagarumin ragi a 2012, kuɗin makarantu da hanyoyi suka tsuke, majalisar jihar ta soke yawancin ragin a 2017 duk da ƙin amincewarsa.

Namu ciwon daban ne. Harajin da Najeriya ke tarawa kaɗan ne idan aka kwatanta da arzikin da ƙasa ke samarwa, saboda masu hali da yawa ba sa biya, ga rangwamen da ake yi wa manyan kamfanoni a ofis. Sauƙaƙa wa talaka adalci ne, kuma ya dace. Sai dai hukuma ta faɗi gaskiya cewa akwai giɓi, ta kuma nuna mana wanda zai cike shi.