Manhajojin Rage Ƙiba: Me Kowacce Ke Ƙirgawa?

A shekarar 2005, wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Mike Lee yana shirin aure, shi da amaryarsa suka so su rage ƙiba kafin biki. Mai horar da su ya miƙa musu littafi mai jerin abinci da kalorin kowanne, ya haɗa da takarda, ya ce su riƙa rubuta duk abin da suka kai baki. Lee ya ga aikin ya yi yawa, sai ya ɗora wa kwamfuta lissafin. Haka aka haifi MyFitnessPal, wadda kamfanin Under Armour ya saya a 2015 kan dala miliyan 475.

Kusan duk manhajojin nan tushensu ɗaya. Za su tambayi shekarun mutum da tsayinsa da nauyinsa, su yi kirdadon kalorin da jikinsa ke ƙonawa a yini, galibi da lissafin Mifflin-St Jeor na 1990, sannan su zaftare wani abu, sau da yawa kalori 500, su ce ga kasonka na yau. Giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa 4. Inda suka rabu shi ne daga ina kowacce ke samo alƙalumanta, da kuma yadda take nuna wa mai ita.

MyFitnessPal da takwararta Lose It!, wadda ta fito a 2008, sun yi suna ne da faɗin rumbu. Abinci miliyoyi ne a ciki, domin an bar wa jama'a ƙofa su shigar da nasu. Nan ne ƙarfinsu, nan ne kuma rauninsu: mutum zai nemi dafaffiyar shinkafa ya tarar da amsoshi barkatai, wani ya rubuta awon ɗanya, wani na dafaffiya, alhali ɗanyar ta ninka dafaffiyar kusan sau uku a kalori idan nauyinsu ɗaya. Cronometer ta Kanada ta bi wata hanya. Ta jingina da rumbunan da aka tantance, irin na ma'aikatar noma ta Amurka, tana kuma duba abin da jama'a suka turo kafin ta karɓa. Jerinta bai kai na waɗancan ba, amma tana nuna sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin dalla-dalla. Wanda likita ya ce ya kula da gishiri ko ƙarancin jini, a nan zai fi samun biyan buƙata.

Wasu kuma sun ga cewa alƙaluma na gajiyar da mutane, sai suka sauƙaƙa su. WeightWatchers ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Wata matar aure a birnin New York, Jean Nidetch, ita ta fara tara ƙawayenta a falonta suna tattauna matsalar ƙiba, har abin ya zama kamfani a 1963. A 1997 aka shigo da tsarin maki: kowane abinci da makinsa, kowa da kasonsa, daga baya aka mayar da irin su ƙwai da wake da 'ya'yan itace marasa maki. Noom, wadda aka kafa a 2008, launi take amfani da shi, kore da rawaya da ruwan lemo, gwargwadon yawan kalorin da ke cunkushe a loma, tare da gajerun darussa kan ɗabi'ar ci.

To, suna aiki? Wani bincike da cibiyar Kaiser Permanente ta jagoranta a 2008, kan mutum kusan 1,700, ya nuna masu rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutawa suka rage. Amma a 2014 masu bincike a Los Angeles suka raba majinyata 212 gida biyu, aka ɗora wa rabi MyFitnessPal. Bayan wata shida, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Mutanen sun ce manhajar ta burge su, sai dai tun bayan watan farko yawancinsu suka daina buɗe ta. Sakamakon biyu ba su ci karo da juna ba. Rubutun ne ke aiki, manhaja kuwa ba ta iya riƙe hannun wanda ya gaji. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa kafin zaɓi ita ce: wacce mutum zai iya jurewa har wata shida?

Ko mai juriyar ma yana iya ruɗin kansa. Wani ƙaramin bincike na 1992 ya gano masu cewa ƙibarsu ta ƙi raguwa suna rage kusan rabin abin da suka ci wajen ba da rahoto, ba da gangan ba. Cokalin mai guda, kalori kusan 120, shi ne ya fi saurin ɓacewa daga lissafi.

Akwai kuma batun kuɗi da sirri. A 2018 'yan kutse sun kwashe bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal, a 2022 kuma ta mayar da karanta lambar jikin kwali ta masu biya kaɗai. A shekarar ce Noom ta amince ta biya dala miliyan 56 don sasanta ƙarar masu cewa an ci gaba da cirar musu kuɗi bayan lokacin gwaji. WeightWatchers ita kuma ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a Mayun 2025, lokacin da alluran rage ƙiba irin su Wegovy suka janye mata kasuwa. Ta fuskar lafiya kuma, mai juna biyu, da mai ciwon sukari da ke shan magani, da matashiyar da tsoron abinci ya fara kamawa, bai kamata su miƙa wa waya ragamar cinsu ba tare da likita ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana da tasa matsalar daban. An gina manhajojin ne don mai cin abincin kwali a farantinsa shi kaɗai. Malmalar tuwo ba ta da lamba, girmanta ya danganta da hannun mai kwasa, miyar kuka ta wannan gida ta fi ta maƙwabta mai, ga shi sau da yawa akushi ɗaya ake sa wa hannu. Idan an tarar da tuwo ko fura a rumbun, mai yiwuwa wani ne ya yi kirdado ya shigar. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Yammacin Afirka a 2012, ta sabunta shi a 2019, da gero da dawa da kuka duk a ciki. MyFitnessPal da Cronometer kuma suna barin mutum ya haɗa girkinsa da kansa: a auna gari da mai da nama kafin a ɗora tukunya, a raba jimlar da yawan masu ci, a adana, gobe sai dannawa kawai.