Littafi Mai Tsarki Da Hausa: Guzurin Kiristocin Arewa Mazauna Kurmi

Ba kowa ne ya san cewa a cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi akwai ɗimbin Kiristoci waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu ba. Ana samunsu a barikokin soja da na 'yan sanda a Ikko da Badun, akwai masu gadi da direbobi da ma'aikatan kamfanoni, wasu kuwa tun zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 aiki ya kawo su ko iyayensu, suka yi zamansu. Wani Baju ne daga kudancin Kaduna, wani Angas ko Birom daga Filato, wani Batangale, wani Bachama daga Numan. A gida kowa da yarensa, amma ran Lahadi littattafai biyu ne ke hannun kowa, watau Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, dukansu da Hausa.

YADDA AKA SAMO SHI

An sha wuya kafin littafin nan ya zo hannun jama'a. Wanda ya fara aikin wani Bajamushe ne, J. F. Schon na mishan ɗin C.M.S., wanda ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ciwo ya mai da shi Ingila, can kuma ya haɗu da Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bauta, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth, wanda mutanen Arewa suka sani da suna Abdulkarim, zuwa Turai a 1855. Daga bakin yaron nan Schon ya ƙara gyara Hausarsa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya fito.

Sai dai Hausar da aka rubuta a Ingila ba ta zauna sosai a kunnen Bahaushe ba. Gyaran ya jira Likita Walter Miller, wanda ya iso Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. Suka koma Girku, daga nan Miller ya zauna a birnin Zariya a 1905, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Da shi da mutanen S.I.M. da S.U.M., da kuma Hausawan da suka riƙa auna musu kowace kalma, aka kammala dukan littafin a 1932. Daga Bisharar Matiyu ta farko zuwa wannan rana, shekara 75 ke nan. An kuma buga wasu sassa da ajami domin waɗanda ba su iya boko ba.

TSOHON JUYI DA SABO

A 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966 kuma ofishinta yake a nan Ikko, ta fito da sabon juyi mai sauƙin Hausa. Inda tsohon juyi ya ce Matta da Yohanna, sabon ya ce Matiyu da Yahaya; inda aka saba jin Yesu Kristi, sai aka ji Yesu Almasihu. Har yau akwai dattawan da ba su yarda su rabu da na 1932 ba, domin da kalmominsa suka haddace ayoyi tun suna ajin baftisma, da su kuma aka binne iyayensu. Shi ya sa a majami'a guda sai ka ji mai karatu yana faɗar wata kalma, tsohuwa a benci tana bin sa da wata. Daga baya an ƙara samun wasu juyi, kamar Sabon Rai Don Kowa, yanzu kuma duk ana iya sauke su a wayar hannu.

Ban da wannan babban littafi, akwai 'yan rakiyarsa. Littafin Waƙoƙi, wanda S.I.M. ta tattara, ya ratsa ɗariku dabam-dabam, har matan Zumunta da yawa waɗanda ba su zauna a aji ba sun koyi haɗa baƙaƙe ta wurin bin waƙar da suka riga suka haddace. Akwai Abincin Yini na E.C.W.A., mai ba da aya da ɗan bayani da addu'a domin kowace rana. Masu jin Turanci kuwa suna da Daily Guide na ƙungiyar Scripture Union mai hedkwata a Badun. A da can mujallar Labarin Ekklesiya daga Jos ita ce ke kai wa masu bi labarin 'yan'uwansu, kantunan Challenge kuma su ne inda ake zuwa neman irin waɗannan littattafai.

INDA GIZO KE SAƘA

Abin da ke damun iyaye da fastoci a yau shi ne 'ya'yan da aka haifa a nan. Yaro ya tashi da Yarbanci a unguwa, Turancin buroka a bariki, Turanci a makaranta. Yaren kakanninsa bai ji ba, Hausa kuwa yana ji amma ba ya iya karantawa. In aka je gida Kirsimeti aka miƙa masa littafi ya karanta wa kaka, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Ta haka igiyar da ta ɗaure Baju da Bachama a benci ɗaya take tsinkewa a hankali, kuma uba da ɗa su daina yin addu'a da harshe guda.

Su kansu manyan ba su tsira ba. Mai gadin da ya kwana a tsaye, ko macen da ta fita Mile 12 tun asuba, da wuya su sami sukunin buɗe littafi. A ɗakuna da yawa yana nan a ƙasan akwati, an naɗe shi da leda, ba ya ganin rana sai Lahadi. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda duk abin da ya sani na addininsa daga bakin mai wa'azi ya ji shi, ran da ya faɗa hannun masu sayar da mu'ujiza, waɗanda suka cika garuruwan nan, ba shi da ma'aunin da zai gane gaskiya da ƙarya.

ABU NE MAI YIWUWA

Lissafin ba shi da wuya. Littafi Mai Tsarki da ke hannun waɗannan ɗariku ya ƙunshi littattafai 66, watau 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo, surori 1,189 gaba ɗaya. Mai karanta sura uku kullum, biyar ran Lahadi, zai sauke shi cikin shekara guda. Wanda hakan ya yi wa yawa, Karin Magana sura 31 ne, kowace ranar wata da tata. Bisharar Markus sura 16 ce kawai.

Baƙo kuma zai tarar da labarin irinsa a ciki. Yusufu ya yi bauta da kurkuku a Masar kafin ya sami ɗaukaka. Rut ta bar ƙasarta ta bi surukarta. Daniyel ya yi aikin gwamnati a Babila bai bar addu'arsa ba, Zabura ta 137 kuwa kukan waɗanda aka raba da garinsu ne.

Dabarar da ta fi amfani ita ce karatun iyali bayan cin tuwon dare. Yaro ya karanta aya da Turanci, uba ko uwa su karanta ta da Hausa, sa'an nan a musanya littattafan. Minti goma sun isa. Haka nan ya kamata majami'un da ke sujada da Hausa su buɗe ajin koyon karatu kafin a shiga sujada, kamar yadda mishan suka yi wa kakanni a ƙauyuka. Sabon tuba ko sabon aure kuwa, babu kyautar da ta fi a ba shi nasa littafin, a rubuta sunansa a bango.